Kiɗan da Ya Tayar da Gwaggo Mariyatu

Boubacar mai gyaran waya ya rantse a teburin mai shayi, majalisa cike, cewa daga Adidogome har bakin teku babu ƙugun da zai ji kiɗansa ya zauna lafiya. Ya ce ko gurgu aka ɗauko masa, sai ya yar da sanda. Kiɗan nan, in ji shi, sunansa diram-an-bes, na mutanen Landan ne, kuma a hannunsu ya koya, baki da baki.

Duk Zango an san iyakar tafiyar Boubacar a duniya Aflawo ce, bakin iyakar Gana, can ɗin ma juyo shi aka yi don ya bar katinsa a aljihun wani wandon. Landan kuwa a cikin wayar wani ma'aikacin jirgin ruwa ya gan ta, wanda ya kawo gyara bai dawo karɓa ba. Amma shayi da zafi, ƙarya da daɗi, sai aka bar shi ya ci gaba.

Ya ɗauki cokali biyu ya hau bayani a kan gwangwanin madara. Ganga dai gudu take yi kamar ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya hango ɗan sanda. A ƙarƙashinta akwai wani amo mai kauri, bes, wanda ba kunne ke jin sa ba, hanji ke ji. Sirrin aikin kuma, ya ce, rowa ce. Ba a ba mutum tuwo da miya lokaci guda. Ka fara da ɗan ƙas-ƙas, ka ƙara bugu, ka ƙara wani, kana ja musu rai, kana hawa da su kamar mai hawan bene, har sai ƙafafunsu sun fara roƙon ka. A nan sai ka yanke komai, wuri ya yi tsit. Suna cikin wannan shirun sai ka sako musu kayan gaba ɗaya a ka. Wannan sakowar ita Turawa ke kira dirop.

Mai shayi ya ce ya gane sarai, amma a mayar masa da cokulansa.

Abin da ya sa Boubacar ke wannan tada jijiyar wuya, shago ne. Hajiya Mariyatu, yayar mahaifinsa, babbar mai sayar da atamfa a kasuwar Asigame, tana da ɗan ɗaki a ƙofar gidanta mai kallon titi, wanda tela ya tashi daga ciki ya koma Tokoin. Boubacar na son ɗakin ya buɗe sutudiyo, ya huta da zaman gindin lema yana ƙona yatsu da dalma. Hadjara, babbar 'yar Hajiya, taubashiyarsa, ita ma ɗakin take so, ta sa firiza ta sayar da zoɓo da ƙanƙara. Tun ba a ce an ba shi ba, Boubacar ya bi masu shayin unguwa ya kwashe kwalayen ƙwai ya jibge a zauren gwaggonsa, wai da su ake liƙe bango don kada sauti ya tsere. Hadjara kuma kullum tana bakin ɗakin da igiyar awo. Suka yi ta sintiri wurin tsohuwar har ta gaji, ta tara su a tsakar gida.

Tun da Hajiya Mariyatu ta dawo daga Makka ba a sake ganin ƙafarta a fagen rawa ba. Komai daɗin biki tana kan kujera da maficinta, ko kafaɗa ba ta motsawa, liƙi ma aikawa take yi. Ta dubi ɗan ƙanin nata daga sama har ƙasa, ta tuna musu bikin autarta Soumaya ya matso.

"In kiɗanka ya tashe ni daga kujera, makulli naka ne. In bai tashe ni ba, Hadjara ta kawo firizarta."

Hadjara ta ce to bari ta je ta jiƙa zoɓo tun yanzu. Boubacar ya ce ta jiƙa da yawa, don masu rawa za su ji ƙishi, kuma in ya buɗe sutudiyo zai ara mata inuwar bakin ƙofa ta riƙa talla.

"Buba, kai da ko tafi ba ka iya yi daidai da mutane ba," in ji ta.

Ya ce tafin mutane ne ke makara.

Washegari ya shiga farauta. Ya sanar a majalisa cewa gwani ba ya aron sautin wani, da ƙafarsa yake zuwa ya kamo abinsa. Ya fara da matan ƙabilar Mina masu dakan fufu, wato sakwara, a bayan tasha. Ya durƙusa ya kanga waya a bakin turmi, ya ce su ƙara sauri, su ƙara, su ƙara dai, mutanen Landan ba sa jiran kowa. Suka ƙara. Taɓarya ta samu babban yatsansa ta haɗa da doya. Ya samu bugun da yake nema, har da gyaran wata ƙara da bai yi niyyar ɗauka ba. Matan suka ce ya dawo gobe in yana son a yi wa ɗaya hannun.

Ɗan ƙas-ƙas ɗin kuma wurin mai ƙosai ya je nema, lokacin da take zuba ƙullu a mai. Ta ce ya ja baya, ya ce ita suya ta sani, shi sauti ya sani. Ya sunkuya da gira biyu, ya ɗago da ɗaya da rabi.

Bes ne ya ba shi wuya. Ya hau zemijan har Baguida don ya kama rurin teku, igiyar ruwa ta tafi da takalminsa ɗaya, abin da wayar ta kama kuwa iska ce da salatinsa. Ya je kara wurin masu shanu, ya tsaya gaban wani bijimi yana lallashin sa ya yi kuka. Bijimin ya yi shiru kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa, sai da Boubacar ya juya baya sannan ya ba shi amsa da ƙaho, ya raba masa riga gida biyu. Ya je injin niƙa ya cusa kai har cikin mazurari, ya fito fari fat da garin masara. Da ya biyo ta majalisa a haka, sai duk aka miƙe tsaye ana yi masa barka da sauka. Mai shayi ya ce lallai zaman Landan ya karɓe shi, ga shi har ya fara komawa yovo, wato Bature, saura hancin.

Ana ta ɗinkin anko, ana ta kawo buhunan shinkafa, bes bai samu ba. Abin da ya harhaɗa a tsohuwar kwamfutarsa, wadda ya ɗaure murfinta da roba, gudu kawai yake yi ba gishiri, kamar sojoji na fareti a kan kwanon rufi. Komai na faɗowa daidai kan layi, ƙafa ba ta samun inda za ta kama. Ya kunna wa kansa ya fi a ƙirga, ko yatsan nan mai bandeji bai motsa ba.

Ran nan bayan Azahar ya nufi gidan Gwaggo, da niyyar ya roƙi a sassauta sharaɗi, ko gyaɗa kai ma a sa shi cikin rawa. Ya yi sallama, shiru. Yana taka baranda ya ji wani abu ya shigo masa ta tafin ƙafa ya hau har cibiya. Gilasan taga na kaɗawa. Wani kofi a kan tire yana tafiya da kansa. Ya leƙa falo. Hajiya Mariyatu ce a doguwar kujera, ɗankwali ya zame, tana ƙailula.

Minsharin Hajiya abu ne da kowa a gidan ya sani, ba mai faɗi. Ita a wurinta ba ta taɓa yin minshari ba tun da aka haife ta, mijinta Alhaji Souleymane ne ke yi. Wani ɗan haya ya taɓa tambaya da safe ko an kawo injin markaɗe gidan ne, kafin wata ya mutu yana neman ɗaki a wata unguwa. Alhaji kuwa mutum ne siriri mai sanyin hali. Ya karɓi laifin ya rataya a wuya shekara da shekaru, in abokai sun tsokane shi a ƙofar masallaci sai ya yi murmushi ya ce a sa shi a addu'a.

Boubacar ya kasa kunne. Minsharin hawa uku ne. Ta ja shi a hankali, mai kauri, yana hawa yana hawa. Sai ta ɗauke ɗif, har mutum ya fara tunanin ko a kira maƙwabta. Sannan ta sako shi gaba ɗaya, da ɗan fito siriri a wutsiya. Ƙwalla ta cika masa ido. Ga hawa, ga shiru, ga dirop. Abin da ya je nema Baguida har ya baro takalmi, ashe yana kwance a falon gwaggonsa. Ya rarrafa ya ɗora waya a hannun kujera, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa kamar mai ɗaukar karatu.

Ya koma ya kulle kansa a ɗaki. Ya ja sautin ƙasa har ya yi kauri ya daina kama da na ɗan Adam, ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya shimfiɗa a ƙarƙashin taɓaryar matan Mina da man ƙosai. Abin mamaki, minsharin ba ya sauka daidai kan bugu. Yakan ɗan makara, kamar babbar mace mai shiga taro: ganga na gaba da gudu, shi yana biye yana jan zane. Wannan 'yar makarar ita ta yi wa kiɗan ƙugu. Boubacar ya duba ƙasa ya ga ƙafarsa na aiki ba da izininsa ba. Shirun ma bai rage ba bai ƙara ba, ya bar shi yadda mai shi ta yi shi. Ɗan fiton wutsiya ya so ya yanke, ya ji ba zai iya ba, ya yi kyau da yawa. Asalin ɗaukar kuma ya ajiye ta a layin ƙasa cikin kwamfutar ya toshe mata baki, don manomi ba ya zubar da iri.

Da yamma ya fito majalisa yana tafiya kamar an yi masa sarauta. Ya ce bes ya iso daga Landan, ta jirgin ruwa. Aka tambaye shi ko 'yan duwan, wato kwastan, sun caje shi a tashar jirgi, ya ce sauti ba ya tsayawa a duwan. Aka ce a ɗan ɗanɗana musu. Ya ce ba a buɗe tukunyar biki a teburin shayi.

Ranar wuni aka tare titi da rumfuna da kujerun roba. Mata sun cika wuri da anko ruwan goro, tukwanen shinkafa na tururi a bayan gida. An yi hayar lasifika biyu, kowace ta kai firizar da Hadjara ke mafarki. A gaba aka jera manya. Hajiya na tsakiyar ƙawayenta da mafici, can gefe kuma Alhaji Souleymane na zaune kusa da uban ango, wani dattijo mai gemu wanda ko iyalinsa ba su taɓa ganin haƙoransa ba. Boubacar ya iso da baƙin gilashi, da abin sauraro a wuya wanda kunne ɗaya kawai ke aiki, rabin girar nan kuma ya cike ta da kwalli. Ya ba sanƙira umarni a kira shi Di-je Buba Landan, wato gwanin saka kiɗa. Sanƙira ya kira, har da ƙarin kirarin da bai roƙa ba.

Ya kunna. Ɗan ƙas-ƙas ya fara fita shi kaɗai. Aka jira. Wata tsohuwa ta tambayi ta kusa da ita ko wani abu ne ke ƙonewa a madafa. Sai taɓarya ta shigo, sai wata ta bi ta, abu ya fara ɗaukar gudu. 'Yan matan amarya suka dubi juna suka fito fili, kafaɗu suka fara. Boubacar ya riƙe bes ɗinsa gam, ko ƙamshinsa bai bari sun ji ba, rowa dai rowa. Kiɗa ya hau, ya hau, ya hau, sai tsit.

"An ɗauke wuta," in ji wani daga baya.

A Zango kiɗan biki ba ya yin shiru haka kawai. Kafin Boubacar ya buɗe baki, samarin dangin ango da aka ɗora wa aikin gurup, wato janareta, sun fizge igiyar lasifika daga bango sun ruga da ita bayan rumfa. Dirop ya sauka a cikin 'yar lasifikar kwamfuta kamar sauro a kwalba. Boubacar, wanda ya riga ya lanƙwasa gwiwa yana jira, ya daka tsalle shi kaɗai, hannu a sama. Ya dira ya tarar da ido ya fi ɗari a kansa. Fankar da aka kafa wa amarya kuwa tana ta juyawa abinta.

Hadjara ta taho da kofin zoɓo ta ajiye masa.

"Sha, Landan. Wannan tsallen a rubuta maka shi, ko na Mama ake jira?"

Ya ce gwaji ne, a can ma sai an yi gwaji. Ta ce ai ta gani, gwajin ya yi kyau, har wandonsa ya shaida. Ya shafa baya, ya ja riga ya rufe.

Aka mayar da igiya. Sanƙira ya ce ya ci gaba daga inda aka tsaya, Boubacar ya ce ba a fara hawan bene daga tsakiya, ya koma tun daga man ƙosai. Wannan karon masu rawa sun ƙaru, don an riga an san hanyar. Ya saci kallon Gwaggo. Maficinta na tafiya da nasa lissafin, ba ruwansa da kiɗan kowa. Ya ce a ransa bari dirop ya zo. Kiɗa ya hau, ya hau, sai tsit.

Rana ta riga ta karkata, kuma in ba wuta aka ɗauke ba, abu ɗaya ne ke tsayar da kiɗa a unguwar nan. Mata suka ja mayafi suka rufe kai. Masu rawa suka sunkuya suka koma kujera. Tsohuwar nan mai jin ƙauri har ta fara amsa wa ladanin da bai kira ba. Hadjara ta miƙa hannu cikin ladabi ta kashe lasifika, ta ce ba a kiɗa a kan kiran salla, ko a Landan. Boubacar ya cire gilashi yana rantsuwa cewa ba salla ba ce, dirop ne, lokaci ma bai yi ba. Bai rufe baki ba ladanin unguwa ya ɗaga murya da kiran La'asar. Uban ango ya juyo ya dube shi irin kallon da ake yi wa mai gardama da salla. Boubacar ya ɗauki buta.

A wurin alwala ya yi wa kansa hisabi. Mutanen nan ba su da haƙurin Turawa. In ka hana su miya gaba ɗaya, tashi za su yi su bar maka tuwon. Da aka idar, jama'a suka hau shinkafa da nama, shi kuma ya duƙufa kan kwamfuta, ya jawo bes ya shigo da shi tun daga tsakiyar hawa, kaɗan-kaɗan, yadda zai kama ƙafa ya riƙe. Sannan ya karɓi makirfo daga hannun sanƙira.

"Jama'a, za ku ji shiru. Ba wuta ba ce, ba salla ba ce. Kowa ya tsaya inda yake. Ko tari ban yarda ba."

Sanƙira ya karɓi abinsa ya ajiye a teburin manya, gaban uban ango, don shi zai yi jawabin godiya in an gama. Alhaji Souleymane a lokacin ya cika ciki da shinkafa, iskar fanka na ɗan taɓa shi, haɓarsa ta fara neman ƙirji.

Aka kunna karo na uku. Ƙosai, taɓarya, sannan wani abu ya rarrafo daga ƙasa. Kujerun roba suka fara ɓari. Murafen tukwane suka ɗauki amshi. 'Yan mata suka fito, iyayensu suka biyo, masu girki suka taho da ludaya a hannu. Ganga na gudu a sama, abin nan mai kauri na jan jiki a ƙasa, ƙugu ya rasa wanda zai bi sai ya bi duka biyun.

Boubacar bai kalli kowa ba sai Gwaggo. Ya ga mafici ya rage sauri. Ya ga ya koma yana sauka inda bes ke sauka. Ya ga kafaɗar hagu ta ɗaga ta koma kamar ba ita ba. Inda kiɗan ya ja, nan Hajiya ke jan numfashi, inda ya saki nan take saki, sai ka ce a jikinta aka auna aka ɗinka. Ta daure, ta daure, ta dubi ƙawayenta. Sai ta miƙa wa ta kusa da ita mafici, ta gyara ɗaurin zane, ta miƙe.

Guɗa ta tashi har titi na biyu. Amarya ta rufe baki da hannu. Aka dare aka ba Hajiya fili, ta shigo a hankali, tana taku tana ɗan makara, daidai inda abin ke makara. Mata suka yi kanta da liƙi. Hadjara ta tsaya da tiren zoɓo a hannu kamar an dasa ta. Boubacar ya kama idonta, ya ɗaga yatsa mai bandeji ya murɗa a iska, alamar buɗe ƙofa. A ransa har ya gama liƙa kwalayen ƙwai, yana zaɓen launin allon da zai kafa.

Kiɗa ya hau da Hajiya, ya hau, ya hau. Sai tsit.

Wannan karon an bi doka. Ba wanda ya motsa. Hajiya ta tsaya da hannu ɗaya a sama, ludaya na rataye a iska, ko jariri bai yi kuka ba. A cikin wannan shirun ne Alhaji Souleymane, ido rufe, wanda shekara da shekaru in ya ji wannan jan da wannan ɗaukewar ya san aikinsa, ya miƙa gwiwar hannu ya zunguri uban ango a haƙarƙari. Muryarsa ta fito ta lasifika biyu, a hankali, cikin lallashi.

"Mariya, gyara kwanciya. Kin fara."

Dirop ya sauka, da ɗan fitonsa a wutsiya.

Ba wanda ya taka. Masu girki suka dubi 'yan haya, 'yan haya suka dubi maƙwabtan da bangonsu ya haɗu da na ɗakin Hajiya. Duk sun san fiton nan. Wata ta danne dariya da mayafi, ta ɓullo mata ta hanci. Uban ango na riƙe da haƙarƙari, gemunsa na rawa, ga haƙora a waje reras, har da na zinariya ɗaya da ba wanda ya san da shi.

Boubacar ya kai hannu zai kashe. Yatsa mai bandeji ya zame ya danna layin ƙasa. Ganga ta ɓace, ƙosai ya ɓace, ya rage asalin ɗauka tsirara a cikin manyan lasifika. Ga agogon falo na tafiya, ga kofi na yawo a kan tire. Aka ja, aka ɗauke, aka sako, aka yi fito. Sai wata murya mai nauyin barci, wadda duk wanda ya taɓa taya atamfa a Asigame ya san ta, ta ce, "Ba ta zuba, 'yar nan. Wanke ta da kowane sabulu." Bayanta kuma wata muryar, ta namiji, cikin raɗa da tsananin godiya: "Allah ya ƙara miki barci, Gwaggo."

Hadjara ta bari sai da ya kai ƙarshe sannan ta kashe kwamfutar.

Hajiya Mariyatu ta sauke hannunta. Ta cire wata takardar liƙi da ta manne mata a goshi, ta taka har gaban teburin Boubacar, ba sauri.

"Daga ina ka ce abin nan ya zo?"

"Landan, Gwaggo."

"Ta jirgin ruwa."

"Ta jirgin ruwa."

"Ashe falona ne Landan, ban sani ba nake zaune."

Ya ce dai a duba, alkawari alkawari ne, ta tashi, ga jama'a shaida, kuma irin rawar da ta yi ko amarya ba ta yi ba. Hajiya ta ce ba ta musa ba, ta tashi, kuma ta ji daɗin tashin.

"Cewa na yi in kiɗanka ya tashe ni. Wannan kiɗan na wane ne?"

Boubacar ya sunkuya yana taɓe-taɓen kwamfutarsa. Taro ne ya amsa masa, maza da mata, baki ɗaya: "Naki ne, Hajiya."

Amsar ce ta farkar da Alhaji. Ya tambayi me ya faru, uban ango ya sunkuya ya ba shi labari yana share hawaye da hannun riga. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ɗaga tafukansa sama ya shafa a fuska. Hajiya kuwa ta kwance bakin zane, ta ciro makulli, ta jefa a tiren Hadjara, ta ce kwalayen ƙwan nan kuma kada su kwana a zaurenta.

Lasifika ta sake yin magana, don har yanzu ba wanda ya tuna da makirfon da ke kan teburin manya.

"Buba," in ji Alhaji, "in ka samu sarari ka turo mini shi a waya. Na asalin nake so, ba mai ganga ba."

Hajiya ta juya a hankali wajen teburin manya. Hadjara ta tsince makullinta ta soke a ɗankwali, ta ɗaga tiren zoɓo ta ɗora wa Boubacar a ka, bisa abin sauraronsa.

"Kai ka ce masu rawa za su ji ƙishi," in ji ta. "Fara da Mama."